Ƙarshen Labarin da Na Faɗa a Rumfar Mai Gyaran Waya

Yau Talata, da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Ni dai alhamdu lillahi, jiki da dama-dama. Tarin nan yana nan, ya fi matsa mini da asuba, ƙafar hagu kuma ta kumbura har takalmi ba ya shiga, sai silifa. Likita ya canja mini ƙwayoyin hawan jini, sababbin suna sa ni jiri idan na miƙe da sauri, to amma ina zan je da sauri? Hannuna yana rawa, za ki gani a rubutun. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace. Da malamin da ya koya mini rubutu zai gan su, da na sha rula a bayan hannu.

Gwaggonki ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannu, an ɗaure, yanzu tana samun sauƙi, sai dai bakin nan nata ko kaɗan bai karye ba. Ɗan kawunki direba ya zo ya toshe mini inda rufi ke yoyo, matarsa ta sauka lafiya, mace aka samu. Ya ce zai riƙa leƙo ni, ban sake ganin sa ba, amma na san hanya ce ta riƙe shi. Za ki yi mamakin takarda a wannan zamani, alhali ga waya a aljihuna. Dalili biyu ne. Idan na kira ki, tari ne ke cinye rabin maganar, ke kuma kullum kina kan hanyar zuwa wani wuri. Na biyu, na daina yarda da waya, kuma in kin karanta za ki ga dalili.

Maganar Takwara ce, ɗanki na fari, wanda kika sa wa sunana kika bar mini shi yana tatata lokacin da kika sake aure. Kin san shi ya rubuta shirin nan mai dogon zango da ake ta tallarsa, na jirgin da ya kwashi sauran mutanen duniya bayan ƙasa ta bushe, ya nufi wani tauraro da su. Ba a fara nuna shi ba, sai ƙarshen watan nan. Kwanakin baya ya kira ni, ya ce yau Talata zai zo ya wuni da ni kafin hidimar fara nunawa ta ɗauke shi, har ya ce zai taho mini da kashin farko mu kalla mu biyu. Tun daga lokacin abubuwa suka faru, ya daina ɗaukar wayata, amma bai aiko ya ce ya fasa ba. Don haka na sa an share ɗaki, na shimfiɗa sabon zanen gado, ina rubuta miki ina jiran sa.

Kin tuna bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da shagon gyaran waya, tagata kuma tana kallon rumfar shagon. Samarin layi nan suke wuni. Shekara da shekaru ban ishe su kallo ba. Su kafe babura a bakin ƙofata sai na yi ta ratse da sanda kafin in fita. Sun ji labarin cewa a ofishin auna yanayi na filin jirgin sama na yi aiki, sai suka sa mini Baba Hasashe. In na wuce, wani ya ce wai yau za a yi ruwa ko a shanya kaya, sauran su kwashe da dariya. Babbansu wani ne da suke kira Farfesa, yana sa gilashi ba ciwon ido, yana da shafi a intanet inda yake zuba bayani kan finafinai. To, tun da aka fara tallar shirin nan suka zama 'yan gani-kashe-ninsa, ba su da wata magana sai ita.

Uwata, ban taɓa ganin mutane sun wahalar da kansu kan abin da ba su gani ba kamar yaran nan. Duk hirar da aka yi da 'yan wasan sai su kalle ta, su mayar baya, su tsayar, su ƙura ido. An tambayi yarinyar da ta fito a matsayin matuƙiyar jirgi ko za ta kai ƙarshen shirin da rai, sai ta yi dariya ta taɓa kunnenta. Wuni guda suka yi suna gardama a kan kunnen nan. Farfesa ya rantse duk ɗan wasan da ya taɓa kunne an kashe shi ke nan, wani mai ɗinki ya ce ɗan kunne ne ya matse ta, Farfesa ya ce masa ya koma kan kekensa, wannan fage ba na masu awon wando ba ne. Akwai kuma masu sharhi, waɗanda kamfani ya nuna wa kashin farko-farko bayan an sa su sun sa hannu cewa ba za su faɗi abin da ya faru ba. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, suka sa masa albarka. Ɗaya ya ce shirin yana jan jiki kamar mai ciwon baya, suka zage shi tas, shi da waɗanda suka haife shi, alhali shi ya gani, su ba su gani ba.

Duk wannan ta taga nake ji. Wata rana da la'asar sai na ji muryar Takwara tana fitowa daga wayar wani a rumfar, ana hira da shi. Ban san lokacin da na ɗauki sanda na fita ba. Na ce da su wannan jikana ne, ni na raine shi a ɗakin nan. Suka yi ta dariya har da tafawa. Farfesa ya ce in haka ne shi ma ƙanen matuƙiyar jirgi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na koma ciki na ɗauko hotonsa na gama sakandare, wanda nake tsaye kusa da shi. Mai shago ya duba sunan da ke ƙasan hirar, ya duba sunan da ke kan katin da yake ba ni in na kai wayata caji, ya ga iri ɗaya ne. Masu dariya suka matso suna leƙen hoton.

Washegari aka janye babura daga ƙofata. Aka fito mini da kujera mai hannu, ta mai shago ce shi kansa. Baba Hasashe ya ɓace, na zama Kaka. A kawo mini shayi, a yanka mini burodi, a tambayi ƙafata. Yarinyar da ke aiki a kemis na tsallaken titi ta riƙa kawo mini magani har ɗaki. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Tun rasuwar mahaifiyarki ba a taɓa tambaya ta ko na yi barci ba. Na je aka yi mini aski, na fito da rigunan da na daɗe ban sa ba. Da safe sai in riƙa sauraron ƙarar buɗe ƙofar shago kamar yaro mai jiran a tashi makaranta. Suna tambaya ta yadda yake yana ƙarami, ni kuma ina ba su labari: yadda nake kai shi wurin aiki ya riƙe igiyar balan-balan ɗin awon iska kafin mu sake ta, yadda ya dame ni da tambayar inda take zuwa, har na ƙirƙira masa labarin jirgi da tauraro lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi. Ke ba ki nan a lokacin. Labarin nan ne ya girma ya zama shirin.

A cikin shirin akwai wani tsoho mai awo, wanda kullum da safe yake hawa ya sanar da mutanen jirgi nisan da ya rage. Suka nuna mini hirar da aka tambayi Takwara inda ya samo shi. Yana zaune ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya yi ƙiba, ya yi kyau. Ya ce ya samo shi ne daga wani tsoho da ya sani yana yaro, mai magana ba tare da kowa yana saurare ba, mai maimaita labari ɗaya har bango ya haddace. Masu kallo suka yi dariya, shi ma ya yi. Na jira ya ce kakana, bai ce ba. Na ce a raina wasan jika da kaka ne, mun saba. Daga nan Farfesa ya ce bari ya karanta mini abin da wani mai sharhi ya rubuta: wai tsohon mai awo yana tari tun daga kashin farko, har mai kallo ya fara addu'ar a buɗe ƙofar jirgi a jefa shi waje kowa ya huta. Yana cikin karantawa tari ya kama ni. Suka yi ta ƙunshe dariya a hannun riga, mai ɗinki har ya fita daga rumfar don kada ya fashe. Na yi kamar ban gani ba, domin kujerar tana da daɗin zama.

Yanzu sai abin da ya faru. Bara da Takwara ya zo, ya zauna a bakin gadon nan ya gaya mini yadda ya rufe labarin, ya ce bai canja ƙarshen da na ba shi ba. Ya ce sirri ne har sai an nuna. Ni abin da na fahimta, kada in gaya wa 'yan jarida ko wani kamfani da zai sace. Ban ɗauki rumfar maƙwabta a matsayin jarida ba. Kuma, Uwata, mu yadda muka taso, labari abin faɗa ne. Wanda ya san ƙarshe shi ake matsa wa wuri, kuma ba wanda ya taɓa cewa an ɓata masa labari don ya ji shi sau biyu. Yara ma na biyun suka fi so, su riƙa gyara maka in ka tsallake. Ke kanki haka kika riƙa sa ni ina maimaita miki labarai kina ƙarama. Ban san akwai mutanen da ƙarshen labari ya fi musu tsada da mutuncin tsoho ba, kuma in an gaya musu shi kafin lokaci sai su ji kamar an yi musu sata.

Sun tambaye ni da lalama, na ce su jira su gani. Sai ranar nan Farfesa ya canja salo. Ya ce da sauran, ba da ni ba, amma da ƙarfi, wai su daina wahalar da Kaka, bai san komai ba. In da marubucin ya ɗauke shi da muhimmanci ai da ba a ɗaki ɗaya mai yoyo yake ba, kuma da ya kira sunansa a hira. Ya ce shi ya riga ya gano ƙarshen, jirgin zai isa su tarar da wasu halittu suna jiran su. Na ce ba haka ba ne. Ya ce to Baba Hasashe ya dawo, wanda ya ce za a yi ruwa aka yi rana. Raina ya ɓaci. Na dogara sanda na miƙe tsaye, na ba su labarin tun daga farko, da muryar kowa, kamar yadda na ba Takwara yana kwance da zazzaɓi. Na gaya musu tauraron da jirgin ke nufa ya daɗe da mutuwa, haskensa ne kawai bai gama isowa ba. Tsohon mai awo ya sani, amma kullum yana hawa yana rage musu nisa don kada su daina shuka da haihuwa. Na gaya musu yarinyar da ya koya wa aiki ta gano bayan ya mutu, ta hau da safe kowa yana kallon ta, ta buɗe baki, ta faɗi nisan da ya rage kamar yadda yake faɗa. Da na gama ba wanda ya motsa. Yarinyar kemis tana share ido. Na zauna ina jin rabona da irin wannan daɗi tun ina da ƙarfina. Wayar Farfesa tana jingine a kan teburin caji tana kallo na; na ɗauka caji take yi.

Kafin gari ya waye sau biyu, bidiyon da wayar ta ɗauke ni ya zaga ko'ina. Ba kamar yadda na faɗa Farfesa ya sa shi ba. Ya yanke, ya ɗora babban rubutu cewa kakan marubuci ya tona asiri. Wasu suka ɗauki inda na yi tari suka maimaita shi suka sa masa kiɗa. Akwai inda haƙoran roba na sama suka zame na tura su da babban yatsa. Wannan suka mai da shi hoto mai motsi, yanzu da shi ake ba wa juna amsa in ana zolaya. Na roƙi yarinyar kemis ta karanta mini abin da mutane ke rubutawa, ta ce in bari, na matsa. Ta karanta mini kaɗan. Wani ya ce ya jira shirin nan tun bara, wani tsohon banza ya kashe masa shi. Wani ya tambaya me mala'ikan mutuwa ke jira. Wata ta ce a nemo gidan a ɗinke bakin. Waɗannan mutane ba su san ni ba, Uwata, kuma da yawansu a gidajensu akwai tsoho irina da suke durƙusa wa da safe.

Samarin rumfa da ba su nan ranar suka juya mini baya, wai na lalata musu abin da suke jira. Waɗanda suke nan, suka yi tsit suna saurare har da hawaye, su ma suka bi sahu. Na fito da safe na tarar an mayar da kujera cikin shago, an ɗora mata tsofaffin batura. Mai shago ya ce ba shi da hannu, amma kasuwarsa ce, ba ya son rigima, gara in riƙa shan iska ta wancan gefe. Babura suka dawo bakin ƙofa. An rubuta Mai Awo da alli a jikin ƙofata, an zana baki a buɗe. Farfesa kuwa mabiyansa suka ninka, har wani gidan rediyo ya gayyace shi. A can ya ce shi tausayi ne ya sa ya ɗauki bidiyon, don duniya ta ga yadda babban marubuci ya yar da kakansa cikin ƙazanta. Ɗakina ba shi da ƙazanta, kin sani. Amma daga nan zagin ya rabu biyu, rabi nawa, rabi na Takwara.

Na kira shi, waya tana shiga ba a ɗauka. Na sake, na sake. Ranar Alhamis da ta wuce aka yi sabuwar hira da shi, shi da shugabar kamfanin. Samarin suka kawo lasifika suka ajiye dab da tagata suka ƙure murya, don kada wata kalma ta wuce ni. Matar ta ce abin da ke yawo ba shi ne ƙarshen shirin ba, kowa ya kwantar da hankalinsa. Mai tambaya ya juya ga Takwara ya ce to wane ne wannan dattijo? Na riƙe ƙarfen taga. Ya ce wani ɗan uwa ne na nesa, tsufa ya ruɗa shi, yana haɗa abin da ya ji da abin da ya yi mafarki, kuma rabonsa da shi an daɗe. Yana roƙon jama'a su yi masa uzuri su bar shi ya huta. Muryarsa ba ta yi rawa ba. A waje aka ɗauki shewa, wani ya buga tagata ya ce ɗan uwa na nesa, an gaishe ka.

Na kwanta ban ci komai ba ranar. Da na natsu sai na yi tunani. Yarinyar kemis ta gaya mini ana cewa kamfanin zai iya raba shi da aikin, har ya kai shi ƙara, in ta tabbata daga bakinsa maganar ta fita. To, in haka ne, abin da ya faɗa shi ne kawai ƙofar da ta rage masa, kuma ƙofar ba za ta buɗe ba sai mutane sun yarda na ruɗe. A bidiyon farko kuwa ban yi kama da ruɗaɗɗe ba, labarin ya fito daidai ba tuntuɓe; har masu sharhi biyu suka yi wata magana mai harshen damo da ta sa mutane suka ce gaskiya na faɗa. Saboda haka ranar Asabar na fita da kaina na sami Farfesa. Na ce ya sake ɗauka ta, zan ce ƙirƙira na yi, kaina ba daidai yake ba. Ya kalle ni ta saman gilashi ya ce Kaka, ashe kai ma ɗan fim ne.

Bai yi da sauƙi ba. Ya ce in na fito tsaf haka ba mai yarda. Ya sa na cire hula, ya sa na ɓalle maɓallin riga na sa shi a ramin da ba nasa ba. Ya ce zai tambaye ni ranar, in faɗi wata daban. Zai tambaye ni sunan jikana, in yi shiru in kalli sama. Na yi. Ya ce ban yi kyau ba, idona ya cika wayo, a sake. Muka sake. Mai ɗinki ya ba da shawarar a cire haƙoran gaba ɗaya, Farfesa ya ce wannan ita ce maganar hankali ta farko da ya taɓa yi. Na cire na riƙe a hannu. Aka tambaye ni me ya faru da jirgin, na ce ya sauka a kasuwa an sayar da shi. Rumfar ta cika, har masu wucewa suka tsaya. Da aka zo kan sunan jikana, na yi shiru na kalli kwanon rumfa kamar yadda aka ce, sunan yana cikin bakina, sunana ne. Farfesa ya ce yauwa, wannan ta yi. Yarinyar kemis ta tsallako ta ce da su Allah ya isa, ta kama hannuna ta mayar da ni ɗaki. Har yau ba ta yi mini magana ba, magani kawai take ajiyewa a bakin ƙofa.

An ce bidiyo na biyu ya fi na farko yawo, kuma ya yi aiki. Yanzu masoya shirin sun koma gardamarsu ta kunne da halittu, suna murna ba a ɓata musu komai ba. Zagin ya koma tausayi, ban san wanne ya fi ɗaci ba. Jiya na je sayen sabulu, mai kanti ya ƙi miƙo mini canji, ya ce in turo wani mai hankali daga gida. Likita ma da na koma, ya tambaye ni ko na san inda nake.

Abin da ya sa na rubuto miki ke nan. Bidiyon zai iso gare ki in bai riga ya iso ba, ko maƙwabta su nuna wa yara a makaranta. Ina so ki ji daga hannuna cewa mahaifinki bai ruɗe ba. Ki nuna wa maigidanki takardar nan, amma kada ta wuce ku biyu, kuma kada ki kare ni a gaban kowa. In an ce tsohon ya ruɗe, ki ce Allah ya ba shi lafiya, ki wuce. Kada kuma ki kira Takwara ki yi masa faɗa. Ba ki raine shi ba, ba zai ji faɗanki ba, sai dai ki ƙara nisanta shi; wannan ba gori nake miki ba, yadda abin yake ne. In kun yi magana, ki gaya masa kawai cewa na gyara abin da na ɓata iyakar iyawata, kuma in ya zo ba zan tayar da maganar hirar ba, ko kalma ɗaya. Ba sai ya zo da kashin farko ba. Ba sai ya wuni ba. In yana tsoron a gan shi, akwai ƙofar baya ta wajen famfo, ya san ta, ta nan yake satar fita ƙwallo.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina godiya da rigar sanyin da ya aiko. Ki gaishe da 'yan biyu, da Auta, ki ce mata kakanta yana nan da alewarta in ta zo. Ki gaishe da surukarki, Allah ya ƙara mata sauƙin ido. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce kin yi mata shiru. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga bakin mutane, ya sa mu gana da alheri.

Ni ne mahaifinki,
mai yi miki addu'a kullum.

Ƙarin bayani. Na bar takardar a buɗe don in ƙara miki labarin zuwansa. Da azahar wata mota ta tsaya a ƙofa, na miƙe da sauri har jiri ya kayar da ni kan gado. Kayan shago aka kawo. Na zare sakatar ƙofar baya, na zauna inda nake ganin ƙofofin biyu. Yanzu rana ta faɗi, mai shago yana rufewa. Bai zo ba.